Sharhi: Abin da Ke Hana Tsohuwar Motar Gas Ja

Rashin ja na cikin matsalolin da suka fi damun masu tsofaffin motocin dizal, wato motocin gas, irin su J5 da Hayis da Kanta da tsofaffin Marsandi na ɗaukar kaya. Mota za ta tashi lafiya, ta yi silo lafiya, amma da an yi mata lodi an hau titi sai ta yi nauyi. Direba ya taka totur har ƙasa, inji ya yi ta ruri, gudu kuwa sai a hankali. Hawan da a da take cinyewa da giya ta huɗu, yanzu sai an sauko ta uku ko ta biyu. A bakin direbobi, mota ta daina ja, ko ba ta amsa wuta.

Wudil na cikin garuruwan da wannan matsala ta fi fitowa fili. Garin yana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, kimanin kilomita 40 daga birnin Kano, kuma motar da za ta Gaya ko Dutse ko Azare ko Potiskum, da wadda za ta karkata wajen Birnin Kudu da Bauchi, duk sai sun haye gadar kogin Wudil. Ranar Juma'a, ranar kasuwa, ƙananan motocin kaya na shigowa da tumaki da awaki da buhunan hatsi, suna gogayya da tirelolin shanu na kara da tifofin yashi. A irin wannan hanya rashin ja ya wuce ɓata lokaci. Motar da ta fito za ta wuce tirela, ta kasa gama wucewa a kan kari, ta jefa duk wanda ke cikinta a hatsari.

Injin gas ba shi da fulogin tartsatsi irin na injin fetur. Tun daga injin da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya samu nasarar tayarwa a 1897, tsarin ɗaya ne: fistin ya zuƙi iska zalla, ya matse ta har ta koma kusan kashi ɗaya cikin 20 na girmanta, matsin ya sa ta yi zafin da ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Saboda haka ƙarfin injin ya rataya ne a kan isasshiyar iska, da isasshen mai mai tsafta, da matsi mai kyau, da kuma fesa man a daidai lokacinsa. Duk wanda ya yi rauni a cikinsu, mota za ta yi sanyi. Bayan su kuma akwai abubuwan da ke cinye ƙarfin a tsakanin inji da taya, ko da injin lafiyarsa ƙalau.

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, ya kamata a san ƙarfin da motar ta zo da shi tun asali. J5, wadda kamfanin Peugeot ya ƙera daga 1981 zuwa 1993, injinta na gas mai lita 2.5 ƙarfin doki kusan 75 gare shi idan ba shi da turbo. Injin 3L na Toyota mai lita 2.8 bai wuce doki 90 da ɗan wani abu ba. Kayan da aka tsara wa J5 ta ɗauka bai kai tan 2 ba ko a babbarta. Buhun masara kilo 100 ne. Idan aka jibga buhu 30, an ɗora mata tan 3, ban da direba da yaran mota da wanda ya ɗare sama. Motar da aka yi wa haka ba ta da laifi, kuma babu bakaniken da ke da maganinta. Yanayi ma yana da nasa rabon. Iskar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙasar Kano, ba ta da kauri kamar ta sanyin asuba, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi ɗaya cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 100 na tudu. Shi ya sa motar da take ja a Wudil kan yi kasala a hawan Jos. Ainihin matsala ita ce idan lodi ɗaya ne, hanya ɗaya ce, amma motar ta kasa abin da take yi watanni kaɗan da suka wuce.

Hayaƙin salansa shi ne shaida ta farko, kuma kallonsa ba ya cin ko kwabo. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa, ko nozul ba ya fesawa da kyau. Farin hayaƙi mai yaji a ido, mai warin ɗanyen gas, na nufin man bai ƙone ba, galibi saboda taimin, wato lokacin fesa mai, ya yi latti ko matsi ya ragu. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne inji ke ƙonawa, ta ringi ko ta turbo. Idan kuwa mota ba ta ja kuma salansa fes take, babu hayaƙi ko an take ta, to man ne ba ya isa, ko kuma matsalar ba a inji take ba sam. Direban da ya zo gareji da wannan bayani, ya kuma faɗi ko raunin da safe ne ko bayan inji ya ɗau zafi, ya rage wa bakanike rabin aiki.

Matatar iska, wadda kanikawa ke kira eya kilina, ita ce ta fi cancanta a fara dubawa a wannan yanki. Injin lita 2.5 yana zuƙar iska sama da lita 3,000 a minti ɗaya idan yana gudu sosai, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu wannan iska cike take da ƙurar hunturu. Motar da ke shiga kasuwannin ƙauye ta hanyar burji, a bayan wasu motoci, takan toshe matatarta cikin makonni kaɗan. Alamar ita ce baƙin hayaƙi da nauyin totur. Abin da aka saba shi ne a kai wa mai faci ya hura mata iska. Hurawar ba laifi ba ce idan an yi ta daga ciki zuwa waje, a hankali. Idan aka yi ta daga waje, ƙurar ake ƙara cusawa cikin takardar, idan kuma iskar ta yi ƙarfi takardar ta yage. Gwajin mai sauƙi ne: a sa fitila a cikin matatar a wuri mai duhu, duk inda haske ya ɓullo tsaf to huda ce, kuma wannan matata ta gama aiki. Mafi muni shi ne cire ta gaba ɗaya don mota ta samu numfashi. Za ta ja na ɗan lokaci, amma ƙurar da ke shiga yashi ne mai laushi, yana goge ringi da bangon silinda har matsi ya zube. A duba kuma babban tiyon da ya haɗa matatar da inji. Idan ya tsufa yakan laushi ya manne sa'ad da inji ke zuƙa da ƙarfi, ya koma daidai da an saki totur, ta yadda ba a ganin laifinsa a tsaye.

Daga iska sai hanyar mai, kuma nan ne mafi yawan rashin ja ke ɓuya. Tun 2003 gwamnati ta janye hannunta daga farashin gas a Najeriya, kuma a cikin 2022 kaɗai lita ta tashi daga ƙasa da naira 300 zuwa sama da naira 800, daga baya ta haura naira 1,000. Tsada ta tura direbobi da yawa wajen 'yan bumburutu da man jarka, wanda ba a san tsawon zamansa a duro ba, ba a kuma san abin da aka gauraya masa ba. Ruwa da tsatsa da laka na taruwa a gindin tanki. Matatar mai ta tare su har ta cika, daga nan mai ya riƙa wucewa da ƙyar. Motar da ke wannan hali tana yin silo daidai, domin silo ba ya bukatar mai da yawa. Sai an nemi ƙarfi a hawa ko da lodi take shaƙewa, ta yi kamar za ta mutu, ta farfaɗo da an sassauta ƙafa. A ƙasan matatar Hayis da ire-irenta akwai ɗan makunni na tsiyaye ruwa. Idan aka tsiyaye a kwalba mai haske, ruwan zai kwanta ƙasa, gas ya tsaya a sama. Matatar kanta canza ta ake yi; wanke ta da fetur a mayar yaudarar kai ce.

Shan iska ma yana kawo irin wannan rauni, kuma ya fi wuyar ganowa, saboda tsakanin tanki da famfon injekta zuƙar mai ake yi. Tiyon da ya tsage a wannan tsakani ba ya ɗigar da mai a ƙasa, iska yake shigarwa. Ƙwararren bakanike yakan sa guntun tiyo mai haske gab da bakin famfo, ya tayar da inji, ya zuba ido: idan ƙananan kumfa na bin man a jere, akwai inda iska ke shiga. Sau da yawa robar famfon hannu da ke saman matata ce ta tsage. Shi wannan famfon hannu yana ba da wata shaidar: idan inji na aiki sai maɓallinsa ya lotsa ciki ya ƙi dawowa, to toshewar tana baya, a tiyo ko a ragar da ke cikin tanki. Akwai kuma gwajin galan. A sa tiyo daga galan na gas mai tsafta kai tsaye zuwa famfo, a ɗan zagaya da motar. Idan ƙarfinta ya dawo, an wanke famfo da nozul daga zargi, sai a koma kan tanki da tiyo da matata. Murfin tanki ma yana da ɗan ramin numfashi. Idan ya toshe, ko an maye murfin da leda da roba, mota za ta yi ta sanyi yayin da tafiya ke nisa, kuma da an buɗe tankin za a ji ya zuƙi iska.

Akwai wani gyara da ba ya cin ko minti biyar, amma ana yawan tsallake shi. Wayar totur takan miƙe da tsufa. Yaron mota ya taka totur har ƙasa, inji a kashe, bakanike ya duba ko hannun da ke jikin famfo ya kai maƙurarsa. Idan da saura, motar ba ta taɓa samun cikakkiyar wuta ba komai takawar direba. Wani lokacin ma tabarmar ƙasa ce ta naɗe a bayan feda.

Abubuwan da ke cinye ƙarfi a wajen inji ba su da wuyar kamawa. Kulocin da ya cinye yana bayyana kansa a babbar giya: ƙarar inji ta tashi, gudu bai ƙaru ba, wani lokaci da ƙauri. Birkin da ke kamawa kuwa zafi ne shaidarsa. Bayan tafiyar kilomita kaɗan, ƙafar da ta fi sauran zafi ita ce mai laifi, kuma idan aka ɗaga ta da jak ba za ta juya sakayau ba. Wayar hambirki da ta yi tsatsa bayan damina na yawan jawo haka. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana ƙara nauyi, haka ma tayar da ta fi girman da aka tsara wa motar, wadda wasu ke sawa don ta ɗau kaya, ba tare da sanin cewa ta rage wa kowace giya ƙarfin fizga ba. Salansar da ta lotse a kan dutse ko ta cika da baƙin toka tana hana inji fitar da numfashi, kuma injin da bai fitar ba ba zai zuƙa ba.

Sai an gama da waɗannan duka ake zuwa ga nozul da famfo, domin su ne masu cin kuɗi. Nozul na tsofaffin injuna yana buɗewa ne idan matsin mai ya kai tsakanin bar 120 da 150, ya fesa shi laushi kamar hazo. Idan ya gaji sai ya riƙa tsartuwa ko ɗiga, man ya ƙi ƙonewa sosai, a samu baƙin hayaƙi da ƙwanƙwasa da shan mai. Don gano silindar da ba ta aiki, akan sassauta notin bututun kowane nozul ɗaya bayan ɗaya inji na silo; wadda aka sassauta amma muryar inji ba ta canza ba, ita ce matacciya. Tabbaci kuwa sai a kan na'urar gwaji ta masu gyaran injekta, inda ake ganin matsin buɗewa a agogo, a ga kuma siffar feshin da ido. Ba a sa hannu a gaban wannan feshi, domin yana huda fata.

Famfon injekta na yawancin waɗannan motoci mai juyawa ne, irin VE na kamfanin Bosch da ya fito a tsakiyar shekarun 1970, ko na Lucas CAV, ko na Denso a motocin Japan. Irin wannan famfo ba shi da baƙin mai nasa. Gas ɗin da ke ratsa shi shi ne man shafawarsa. Wannan ne dalilin da ya sa kananzir da ruwa ke kashe shi, domin ba su da santsin da gas ke da shi. Famfon da ya cinye yana da alama sananniya: mota na tashi da safe, amma idan ta ɗau zafi aka kashe ta sai ta ƙi tashi, kuma janta na raguwa da rana.

A jikin famfon akwai wani sukurun da ke iyakance yawan man da za a tura, wanda kamfani ya saita ya kuma rufe da hatimi. Shi ne wasu kanikawa ke fara kai wa hannu da an ce mota ba ta ja, su ce za su ƙara mata wuta. Gaskiya ne motar takan ɗan farfaɗo, shi ya sa direba ke tafiya yana godiya. Amma idan asalin ciwon ƙarancin iska ne ko gajiyar nozul, ƙarin man ba shi da iskar da zai ƙone da ita. Rabinsa ya fita baƙin hayaƙi a fuskar masu babura da masu talla a bakin titi, sauran ya ƙara zafi a kan fistin, ya wanke baƙin man da ke bangon silinda, ya cika inji da toka. Ƙarshensa tsagewar kan silinda ko ƙonewar gaskit, ga kuma kuɗin mai da ya ƙaru kullum. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wurin saita famfo shi ne kan bencin gwaji, inda ake auna abin da kowace silinda ke samu, irin wanda ake samu a manyan wuraren gyaran injekta a Kano. Saitin kunne a gindin bishiya caca ce da injin mutum.

Taimin na da alaƙa da wannan. A injunan Toyota na jerin L, bel ne ke juya famfo da sandar bawul, kuma ƙa'idarsa a canza shi a kilomita 100,000. Idan wajen canzawa aka kuskure haƙori ɗaya, ko aka ɗaure famfo ba a kan alamarsa ba, feshin zai zo da latti, mota ta yi sanyi da farin hayaƙi, ko ya zo da wuri, inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Duk motar da ta daina ja daga fitowarta gareji, nan ya kamata a fara nema. Tazarar bawul ma tana bukatar aunawa lokaci-lokaci, domin bawul ɗin da ba ya rufewa ruf yana zubar da matsi. Ita kuma al'adar cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasar, wai don zafin Arewa, tana barin inji cikin sanyi da safiyar hunturu, alhali injin gas sai ya ɗau zafinsa yake ƙona mai sosai. Maganin tafasa shi ne wanke lagireto da gyara fanka.

Motoci masu turbo suna da ƙarin wuraren dubawa. Tiyon da ke kai iskar turbo zuwa inji idan ya tsage yana yin fito a hawa, kuma akan ga jiƙar baƙin mai a daidai tsagar. Bawul ɗin EGR, mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji, yakan cika da toka ya maƙale a buɗe. Su kuwa motocin da suka zo daga wajajen 2000, irin Sprinter mai CDI, kwamfuta ce ke sarrafa feshinsu, kuma idan ta hango matsala takan rage ƙarfin mota da gangan don kare inji. Waɗannan sai an jona musu na'urar bincike. Matsin mansu ya haura bar 1,300, saboda haka sassauta bututun nozul a kansu inji na aiki ganganci ne.

Abu na ƙarshe da ake aunawa shi ne matsin injin kansa, abin da kanikawa ke kira kwamfireshan. Yawancin motocin nan sun gama rayuwa guda a Turai kafin su iso ta Kwatano ko Legas, sannan suka shekara da shekaru suna shan gas mai yawan sinadarin farar wuta. Najeriya ta daɗe tana amincewa da gas mai kashi 3,000 cikin miliyan na wannan sinadari, lokacin da Turai ta sauko zuwa kashi 10, lamarin da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta bankaɗo a rahotonta na 2016. Sai a 2020 ECOWAS ta tsayar da kashi 50. Sinadarin yana zama asid a cikin baƙin mai, ya ci ringi da silinda, musamman inda ake jinkirta juye. Injin da ya gaji yana wahalar tashi da safe, yana shan baƙin mai, kuma idan aka buɗe murfin zuba mai yana silo za a ga hayaƙi na bugowa da ƙarfi. Agogon gwaji ne ke yanke hukunci. Lafiyayyen injin Toyota na jerin L yana ba da kusan bar 30 a kowace silinda. Wanda ya sauko wajen 20 ya kai iyakarsa.

Injin da ya kai wannan matsayi, sabon nozul ko saitin famfo ba za su dawo masa da ja ba. Abin da ya rage wa mai mota shi ne ya sauke shi a yi masa ringi da layina da gyaran bawul, ko ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya sayi na Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje. Idan na Beljiyam ɗin ya zaɓa, ya tafi da bakanikensa, a tayar da injin a gabansa, a duba hayaƙinsa, a auna matsinsa kafin kuɗi su bar hannunsa.